Tsohon Udu Mai Takardar Nahat a Ciki: Ta Yaya Za a Gane Wanda Ya Ƙera Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana udu, abin kiɗan nan na Larabawa mai tsirkiya, wanda ya sayo a Omdurman lokacin da yake zaune a Sudan. A cikinsa akwai takarda da ta dafe, ana iya karanta "Nahat" da "Dimashƙ" da Larabci. Fuskarsa na ƙyalli, adon ramukansa uku kamar na roba ne, turakun tsirkiya 12. Wani ya ce dukiya muke ajiye da ita. Yaya zan tabbatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Kafin komai, kada ka ɗaura masa sabuwar tsirkiya, kada kuma ka bari a ɓamɓare adon ramin don a leƙa ciki.

Sunan da ka karanta babba ne. Gidan Nahat na Dimashƙa, su Abdo da Hanna da Rufan da Antun, sun yi ƙira daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa cikin na 20, kuma masu tara tsofaffin kayan kiɗa na biyan kuɗi mai kauri a kan aikinsu. Wannan tsadar ce ta sa sunansu ya fi yawancin sunaye shan jabu. Takarda ana buga ta, a jiƙa ta da shayi ta dafe, ko a ciro ta gaske daga udun da ya farfashe a manna wa wani. Don haka takardar shaida ɗaya ce, sai jikin udun ya gaskata ta.

Fara da takardar. Haska tocila ta babban ramin, wanda masu sana'ar ke kira shamsiyya, ka ɗauki hoto. Yawancin tsofaffin maƙera takarda bugaggiya suke mannawa, sannan su rubuta shekara, wani lokaci da lambar aiki, da hannu. Idan shekarar da sauran rubutun duk tawada ɗaya ce, shimfiɗe kamar fotokwafi, akwai alamar tambaya. Duba gefenta: in akwai sawun wata takarda da ta fi ta girma, ko sabon gam da ya malalo, an canza ta. Shekarar ma tana ruɗarwa, domin kalanda uku aka yi amfani da su a daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ta mulki Dimashƙa a lokacin: ta Hijira, ta Miladiyya, da ta gwamnati da ake kira Rumi. 1330 ta Hijira ta faɗo wajen 1912, amma 1330 ta kalandar Rumi wajen 1914 ce, don ita 584 ake ƙara mata. Wasu abubuwan suna yanke hukunci nan take: takardar Istanbul da aka rubuta da haruffan boko na Turkanci ba ta riga 1928 ba, ta Alƙahira mai ɗauke da "Jamhuriyar Larabawa Haɗaɗɗiya" kuwa tsakanin 1958 da 1971 take.

Sai awo. Ɗauki tef ka auna daga ƙashin da tsirkiya ke hawa a ƙarshen wuya zuwa jaki, wato ɗan katakon da ke kan fuska wanda ke ɗauke da tsirkiya. Udun Turkiyya yawanci santimita 58.5 ne, na Sham da Masar kuwa wajen 61 zuwa 62, wasu tsofaffin su ɗara haka. Wannan ba ya faɗin sunan maƙeri, amma yana rage hanya. Idan jakin ba a manne yake ba, tsirkiya ta ratsa kansa ta je ta ɗauru a gindi, ramukan kuma masu siffar ƙwai ne babu ado, to ƙirar Bagadaza ce da aka sani da Muhammad Fadil da makaɗi Munir Bashir, ba ta da haɗi da tsohon aikin Nahat.

Inda gaskiya ta fi ɓuya shi ne ƙoƙon baya da cikinsa, don mai jabu fuska yake gyarawa, ba ya wahalar da kansa da inda ido ba ya kaiwa. Ƙirga sala-salan katakon da aka lanƙwasa aka haɗa ƙoƙon. Yawanci adadinsu mara ne, ɗaya na tsakiya, sauran biyu-biyu. A aikin gwani, faɗinsu yana raguwa daidai wa daida har su haɗu a wuya da gindi, ba wanda ya karkace aka cike gurbinsa da garin katako. Maƙeran Sham sun fi son katakon jauzi, wanda ake kira walnut da Turanci, da ado na ƙananan guntayen katako masu launi da ƙashi. Udun da aka lulluɓe da sadaf, wato ɓawon kawa mai ƙyalli, tun daga kai har gindi, mai nauyi a hannu, sau da yawa na 'yan yawon buɗe ido ne. Tsohon udu na ƙwarai in ka ɗaga shi rashin nauyinsa zai ba ka mamaki.

Don ganin ciki, nemi 'yar kyamarar nan mai igiya da ake jonawa da waya, siririya da za ta shige ta ƙofofin adon ba tare da tursasawa ba. Ka duba siraran takardu ko ƙyalle da aka manna a kan mahaɗar sala-salan. Wani lokaci daga tsohon littafin ciniki ko jarida aka yanko su, rubutun da ke jiki kan tona gari da zamani. Duba sandunan da ke tallafe da fuskar ta ciki: an sassaƙe su da hannu, sun yi duhun tsufa daidai da katakon da ke kewaye da su? Gam ɗin zamanin da na fata ne, launin zuma, yana tsattsagewa in ya bushe. Farin gam na kafintocin yanzu gyara ne na baya, ko kuma udun gaba ɗaya bai kai shekarun da ake faɗa ba.

Yanzu ga abin da ka bayyana. Ado na roba da fuska mai ƙyalli ba su dace da aikin Nahat na farko ba, inda ake sassaƙa adon da katako ko ƙashi ko hauren giwa. Amma wannan bai kashe magana ba. Fuskar udu kaurinta bai wuce milimita 2 ba, ita ke fara tsagewa, kuma udu da yawa na gaske an canza musu fuska a Alƙahira, inda Titin Muhammad Ali ya daɗe yana cibiyar masu ƙira da gyara, an kuwa saba shafa wa fuska man ƙyalli a can. Turaku 12 ma haka: udu mai tsirkiya biyar bibbiyu akan canza masa kai daga baya. A ganina abu biyu ne a gabanka: ko ƙoƙo na asali da aka yi wa sabuwar fuska, ko udun Masar na tsakiyar ƙarni na 20 da aka yi wa aron suna. Na farkon yana da daraja, sai dai ba ta kai ta wanda ba a taɓa ba, domin muryar udu a fuska da sandunanta take.

Idan farin adon ya zamo ba roba ba ne, duba shi da kyau. Ƙashi na da ƙananan ɗigo baƙaƙe, haure kuwa layuka ne siririya masu gicciye juna. Cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe an hana shi tun 1990, saboda haka fitar da udun waje na iya zama matsala.

A ajiye shi cikin akwatinsa, tsirkiya a sassauce, nesa da rana. Lokacin hunturu a Arewa laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, katakon kuwa 45 zuwa 55 yake so. Sa ɗan jiƙaƙƙen soso cikin roba mai huji a akwatin, kada ya taɓa katako. Sannan ka haɗa hotunan takardar, fuska, baya, gindi, mahaɗar wuya, kan turaku daga gefe da na ciki, tare da awon tsirkiya da nauyi, ka aika wa mai gyaran udu da ya taɓa buɗe aikin Nahat da hannunsa, ba wanda ke neman sayensa daga gare ka ba.