Kunnen ɗana yana zubar da mugunya wata takwas, kurumcewa zai yi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana mai shekara 7 kunnensa na dama yana zubar da ruwa mai wari kusan wata takwas ke nan, ya tsaya ya dawo, amma ba ya kukan ciwo. Kakarsa tana ɗiga masa man zaitun da tafarnuwa, ta ce dattin ciki ne ke fita. Yanzu sai na kira shi sau uku kafin ya waigo. Don Allah kurumcewa zai yi? Daga wata uwa, Ƙofar Nasarawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Baiwar Allah, kunnen da ya haura mako biyu yana zubar da mugunya, kusan kullum gangarsa, wato siririyar fatar da ke cikin kunne, ta huje. Rashin zafin nan ma kada ya ruɗe ki: mugunyar ce ta sami ƙofar fita. Hujin kaɗai yakan rage ji da kimanin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 20 zuwa 30, in kuwa ciwon ya cinye ƙananan ƙasusuwan nan uku da ke bayan gangar, yana iya kai 50 zuwa 60. Hirar yau da kullum ba ta wuce 60 ba, kin ga dalilin kira uku. Irin wannan raguwar ji galibi tana gyaruwa. Wadda ba ta dawowa ita ce idan ɓarnar ta kai can ciki, inda jijiyar ji take.

To, a nan man kaka ya shigo. Ki lallaɓa ta cikin ladabi, amma a daina yau ɗin nan. Kunne mai lafiya a rufe yake, abin da aka zuba iyakarsa bakin ganga. Na ɗanki a buɗe yake, duk abin da aka ɗiga zarcewa yake yi. Kullum sai an kawo yaran da aka ɗura wa ruwan albasa, man ja, nonon uwa, har da turare, a bi da gashin kaza ko tsinken ashana ana sosawa. Mai ya cakuɗu da mugunya ya toshe hanya, ƙwayoyin cuta da fumfuna su sami wurin kwana. Sai ruwan ya ɗan tsaya kwana biyu a ce magani ya ci, alhali taruwa yake yi. Ga masu tallar magani da lasifika, kwalba ɗaya wai tana maganin kunne da basir da sanyin mara! Na kemis ma ba a saye da ka: ɗigon da ke ɗauke da gentamicin ko neomycin, idan ya ratsa huji, yana iya lahanta jin da ake neman ceta. Kuma mugunya ba datti ba ce da za a jira ta ƙare, ƙwayoyin cuta ne ke haifar da ita.

Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a zuƙe mugunyar a duba gangar, a yi masa gwajin ji. Galibi ɗigon ciprofloxacin ake bayarwa na kamar mako biyu, amma ba ya aiki idan mugunya ta tare masa hanya. Kafin kowane ɗigo, ki murɗa tishu mai tsabta ya yi tsini, ki sa a hankali, in ya jiƙe ki sauya har sai ya fito a bushe. Ya kwanta kunnen yana sama, ki ɗiga, ki danna ɗan naman bakin kunnen sau da yawa, ya zauna haka minti 5. Lokacin wanka a toshe da auduga mai bazilin. Ban da wankan kududdufi, a alwala kuma shafar waje ta wadatar. Idan kunnen ya bushe watanni hujin bai rufe ba, akwai tiyatar faci. Kafin nan, ki roƙi malaminsu ya dawo da shi layin gaba, kunnen hagu ya fuskanci malam.

Kumburi a bayan kunne, karkacewar baki, jiri, ko zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, waɗannan ba a kwana da su a gida, ko da tsakar dare ne.