Littattafan da Za Ka Ajiye Kusa da Injinka

Ɗana, ka tambaye ni waɗanne littattafai ya kamata mai sassaƙar ƙarfe ya tara, da wanne zai fara, kuma ko wayar da ke aljihunka ba ta wadatar ba. Na ji daɗin tambayar, domin aikin nan rabinsa hannu ne rabinsa lissafi, kuma kai ba ya riƙe lissafin duka.

Fara da wanda kowa yake rainawa: littafin da kamfani ya haɗo da injin da kake yanka ƙarfe da shi. A cikinsa za ka ga giyoyin da ake musanyawa kafin a yanka tiredi (wato haƙoran murɗi irin na cikin noti), da irin man da kowane sashe yake sha, da saurin juyin da injin yake iyawa. In injin na hannu ne, ya zo babu littafi, kwafi sunan kamfani da lambar samfuri daga farantin jikinsa, ka nemo a intanet, ka buga a takarda.

Na biyu shi ne ɗan littafin jadawali na aljihu, irin Zeus na Ingila, mai shafuka lulluɓe da leda don kada mai ya ɓata su. Shi za ka fi buɗewa. Za ka yanka tiredin M10, wato mai kaurin milimita 10, mai tazarar haƙori milimita 1.5, wane rami za ka fara hudawa? Milimita 8.5. Na M8 kuwa 6.8, na M6 kuma 5. Da ka yi ta dubawa za ka gane da kanka cewa tazarar haƙorin ake cirewa daga kaurin, amma ka ci gaba da dubawa, domin ranar da ka yi garaje kan tuna abu ita ce ranar da bakin yankan yake karyewa cikin aikin mutane.

Sai babban, Machinery's Handbook. Kamfanin Industrial Press na Amurka ya fara buga shi a 1914, aikin Erik Oberg da Franklin Jones, kuma bugu na 32 ya fito a 2024. Kada ka matsa wa kanka sai sabo. Tsohon bugu zai yi maka aiki shekara da shekaru, tunda kusurwar tiredi da lissafin haƙoran giya ba su canza ba. Ba karanta shi ake yi daga farko zuwa ƙarshe ba. Ka koyi neman abu ta jerin kalmomin da ke bayansa. A nan za ka fahimci abin da yake rikita yara da yawa. Tiredin Whitworth, wanda Joseph Whitworth ya tsara a Ingila a 1841, kusurwarsa digiri 55 ce, na milimita da na Amurka kuwa 60. A kaurin rabin inci, Whitworth yana da haƙori 12 a kowane inci, na Amurka 13. Da ido kamar ɗaya suke, noti zai fara shiga sannan ya cije, mai ƙarfin hannu ya matsa ya cinye tiredin. Sai dai ka sani littafin ya fi karkata ga awon inci, don haka ka haɗa shi da wani mai jadawalin milimita.

Tsofaffin littattafan koyar da aiki ina son su ƙwarai, musamman wajen wasa bakin yanka da ɗaure aiki ya zauna daidai. Amma ka duba shekarar bugu kafin ka ɗauki saurin yanka daga cikinsu. Yawancinsu don bakin HSS, wato bakin yanka na ƙarfe mai tauri da ake kira high-speed steel, aka rubuta su, inda ƙarfe mai laushi yake son kamar mita 30 a minti. Sanda mai kaurin milimita 50 ke nan za ta yi juyi wajen 190 a minti. Bakin kabaid, wanda ya fi HSS tauri, yana ɗaukar ninkin wannan, kuma lambobinsa suna cikin kundin kamfanin da ya ƙera shi. Ka tara waɗannan kundaye ma.

Waya tana da amfani wajen ganin yadda ake yin abu. Amma lambar da ba ka san inda ta fito ba, kada ka yanka ƙarfe a kanta, kuma ba na son ganin idonka a kan waya alhali injin yana juyawa.

Ka sayi littafin rubutu mai kaurin bango, ka riƙa rubuta kowane aiki: irin ƙarfen, bakin da ka sa, juyin da ka ba shi, da yadda fuskar aikin ta fito. Abin da injinka yake yi in ya yi zafi, babu mawallafin da ya san shi.

Gobe akwai ramin milimita 25 da zane ya ce H7, wato alamar da ke nuna iyakar awon da aka yarda ramin ya kai. Nemo shi a jadawali kafin ka kunna injin. In ka ga tsakanin 25.000 da 25.021, ka buɗe shafin da ya dace. Sai ka zo mu duba ma'auninka tare.