Me ya haɗa gyaran haƙori da hoton ƙashin wuya?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da likitan gyaran haƙori ya tsaya duba ƙashin wuyan ɗanki mai shekara 12 a hoton eksire, alhali haɓarsa ce ta ja baya. Yana neman sanin inda girman ƙashinsa ya kai ne, don shekarun haihuwa ba sa faɗin wannan. Mata kan yi tashin balaga wajen shekara 12, maza wajen 14, amma wani kan riga, wani kan makara.

A hoton gefen kai ana duba ƙashin wuya na 2, na 3 da na 4. A yaro ƙarami gindinsu a miƙe yake. Yana girma sai gindin ya fara lotsawa, na 2 tukuna, sannan na 3, sannan na 4, siffarsu kuma ta ƙara tsayi. Wani mai bincike kan gyaran haƙori mai suna Baccetti da abokan aikinsa sun kasa wannan mataki shida a 2005, kuma muƙamuƙin ƙasa ya fi saurin girma tsakanin mataki na 3 da na 4. Lokacin ne na'urar turo haɓa gaba ta fi aiki. In girma ya tsaya, sai dai a jera haƙora kawai ko a yi tiyata.

Akwai kuma hoton hannu, inda ake neman wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa don gane inda girma ya kai. Ni na fi son na wuya, tunda da ma an ɗauki hoton, ba sai an ƙara haska yaro ba. Sai dai likitoci biyu kan saɓa wajen karanta hoton wuyan, shi ya sa za a tambaye ki ko muryarsa ta fara buɗewa, ko tsayinsa ya ƙaru kwanan nan.