Amsa ga mai tambaya kan zuwa bikin Gnawa na Essaouira shi kaɗai

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana karatu a Marrakesh, abokan da kuka shirya tafiya tare sun janye, kana kuma tunanin ko ya dace ka je bikin kiɗan Gnawa, wani kiɗan gargajiya na ƙasar Maroko, da ake yi a garin Essaouira na bakin teku, kai kaɗai. Amsata ita ce ka je, amma ka fara da neman masauki kafin komai.

Ana yin bikin tun 1998, galibi a ƙarshen watan Yuni, kuma garin ƙarami ne idan aka kwatanta da jama'ar da ke kwarara cikinsa a waɗannan kwanaki, saboda haka ɗakunan haya na cikin tsohon gari sukan ƙare tun da sauran makonni, waɗanda suka rage kuma farashinsu ya ninka. Wanda ya zo da abokai zai iya raba ɗaki ɗaya da su, amma kai duk kuɗin a kanka yake, don haka ka nemi gado a masaukin matafiya mai ɗakunan haɗaka, inda nan ma za ka samu abokan hira. Ka sayi tikitin bas na zuwa da na dawowa tun da wuri. Tafiyar kusan awa uku ce.

Abin da ya sa nake ganin kaɗaici ba aibi ba ne a wannan biki shi ne wuraren kiɗan a warwatse suke. Akwai babban dandali a filin Moulay Hassan kusa da tashar jiragen ruwa, akwai na bakin teku, sannan akwai ƙananan zama na dare a wurare irin su Dar Souiri, waɗanda ake shiga da tikiti. A ganina a can ainihin kiɗan yake, domin kana zaune kusa da ma'allim, wato shugaban makaɗan, kana jin amon gimbiri, wani abin kiɗa mai kama da garaya mai tsirkiya uku, da ƙarar ƙaraƙib, wato ƙarafan da duk Bahaushe zai ji sun tuna masa da sambani. Masu tafiya ƙungiya sukan ɓata dare wajen jiran juna da gardamar inda za a nufa, kai kuwa da ka ji kiɗa ya ja ka sai ka bi.

Inda ya kamata ka yi hattara shi ne cunkoson babban dandali bayan tsakar dare. Kada ka kutsa tsakiya, ka tsaya a gefe inda kake ganin hanyar fita, wayarka da kuɗinka su kasance a aljihun gaba ko jaka mai zif a ƙirjinka, fasfo kuma a bar shi a masauki. Ga 'yan'uwa mata da ke karanta wannan, gara su sayi tikitin sashen gaba da aka kewaye, domin turereniyar sauran filin ba ta da daɗi ko kaɗan.

Kada ganin cewa watan Yuni lokacin bazara ne a can ya ruɗe ka. Iskar teku tana kaɗawa sosai a Essaouira, da dare kuma sanyi ake yi na gaske, saboda haka ka ɗauki rigar sanyi. Ka cika cajin waya da rana, ka gaya wa wani a Marrakesh sunan masaukinka, ka kuma bi hanyar komawa ɗakinka tun da sauran haske har ka haddace ta, domin lungunan tsohon garin suna kama da juna da dare.