Zan iya yi wa kalifar birkin motata fenti a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 2008. Kwanan nan na canza mata rim, na sa irin waɗanda ake hango birki ta cikinsu, sai ga kalifa duk ta yi tsatsa tana ɓata kyan motar. Ina so in yi mata jan fenti da kaina ranar Asabar. Wani abokina ya ce fentin gwangwani da ake fesa wa ƙofar gida ya isa, wani kuma ya ce fenti zai sa birki ya riƙa ɗaukar zafi har ya daina kamawa. Wanne ne gaskiya? Kuma dole sai na kwance kalifar, ko ana iya yi tana jikin mota? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya yi a gida, ba sai ka zama bakanike ba. Sai dai Asabar kaɗai ba za ta ishe ka ba, ka haɗa da Lahadi, domin motar za ta kwana ba ta motsa ba. Abokan naka kuwa, babu wanda zan ba shi gaskiya gaba ɗaya.

Mai tsoron zafi ya kwantar da hankalinsa. Idan ka taka birki, kalifa, wato maƙalar ƙarfen da ta rungumi faifan da ke juyawa tare da taya, ita ce ke matse fad (takalmin birki) a jikin faifan; faifai ne da fad suke gogayya, kuma yawancin zafin faifan ne ke ɗauka ya sake shi cikin iska. Fenti siriri a bayan kalifa ba ya hana wannan. Kamfanin Brembo na Italiya, wanda aka kafa a 1961, da fenti yake sayar da kalifofin da ake ɗora wa motocin gudu, kuma daga wajensu jan launin nan ya yi farin jini. Kamfanin motoci na Porsche ma har ma'ana ya ba launukan kalifa: ruwan ɗorawa na nuna faifan seramik ne a motar, kore shar kuma na nuna mai haɗa fetur da lantarki ce. Da fenti yana kashe birki, waɗannan ne za su fara gudunsa.

Mai cewa fentin ƙofa ya isa shi ne zai sa ka asara. Kalifa tana iya wuce digiri 100 na ma'aunin Salshiyas idan an matsa wa birki, musamman a dogon gangare ko a cunkoso da rana tsaka. Fentin gida yana laushi a irin wannan zafin, ƙurar fad ta manne masa, bayan 'yan makonni ja ya koma ruwan ƙasa ya fara ɓarewa. Ka nemi wanda aka rubuta a jikinsa na kalifa ne. Na kamfanin Dupli-Color yana jure kimanin digiri 260, na VHT kuma kimanin 480. Akwai kuma irin na G2 da ake haɗa ruwa biyu a shafa da burushi. Ya fi ƙarko, amma da zarar ka gauraya shi dole ka gama da shi cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba ya daskare a gwangwani. Ka duba wajen masu kayan fentin mota a kasuwar Panteka. Idan na kalifa bai samu ba, fentin inji mai jure zafi ya fi na ƙofa nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaya ba. Motarka ta haura shekara goma sha biyar, kuma wataƙila babu wanda ya taɓa tsayawa ya ƙare wa kalifofin nan kallo. Kafin ka buɗe gwangwani, ka duba lafiyarsu. Shin akwai jiƙa a gefen fistin, wato ƙarfen cikin kalifa da ke turo fad, ko a bakin tiyon da ke kawo mata mai? Man birki ke nan yake yoyo. Robar da ke kewaye da fistin ta yage? Fad ɗin ciki ya fi na waje cinyewa sosai? Alama ce sandunan ƙarfe biyu da kalifa ke zamewa a kansu sun cije. Tiyon ya tsattsage ko ya kumbura? Duk wanda ka gani a cikin waɗannan, ka ajiye maganar fenti ka kai wa bakanike tukuna. Ina faɗin haka ne saboda fenti yana rufe aibi. Kalifa mai tsatsa tana sa mutum ya yi zargi, mai ƙyalli kuwa sai a ɗauka lafiya lau take. Ga kuma dalili na biyu: man birki na DOT 3 da motarka ke sha, da DOT 4, duk suna cin fenti. Kalifa mai yoyo ba za ta riƙe fentin ba ko da na dubu nawa ne.

Batun ɗaga mota ba na sassauci a kansa. Ka sami wuri mai daɓe, shimfiɗaɗɗe. Ka sassauta notukan taya tun tana ƙasa, ka ɗaga da jak, sannan ka tokare motar da ƙafar ƙarfe irin ta gareji. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙo ba. Kada ka yarda da bulon siminti, yana fashewa ba sallama. Ka sa katako gaba da bayan tayoyin da suka rage a ƙasa, kuma tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar. Idan ƙafafun ƙarfe biyu kawai gare ka, ka yi gaba a wannan makon, baya a mako mai zuwa.

A kwance ko a bari? Hanya uku ce. Ana iya barin komai a wurinsa a rufe kewaye. Ana iya kwance notukan kalifa biyu a ɗaga ta daga kan faifai, a cire fad, amma a bar tiyo a haɗe. Ana kuma iya cire ta gaba ɗaya. Ta ukun ta fi fitar da aiki mai kyau, amma da zarar an kwance tiyo iska ta shiga layin birki, sai an fitar da ita, kuma wanda bai taɓa yi ba bai kamata ya koya shi kaɗai a kan motar da zai ɗauki iyali ba. Ni ta biyun nake ba ka shawara, in hannunka ya saba da sifana. Ka rataye kalifar da waya mai ƙwari a jikin sifirin, kada nauyinta ya sauka a kan tiyo ko na minti ɗaya, domin tiyo yana iya lalacewa ta ciki alhali waje lafiya lau. Ka kuma gargaɗi yaran gida kada kowa ya shiga ya taka birki, fistin zai turo waje. A irin motarka birkin hannu ta kalifar baya yake kamawa, don haka sai ka sauke shi kafin ta fita, wanda ya ƙara wa tokare tayoyin gaba muhimmanci. In duk wannan ya yi maka yawa, ka bi hanya ta farko da burushi. Gefen da ake gani ta rim shi ne abin da kake nema.

Wanki shi ne aikin, fentin ɗan ƙarashe ne. A cikin awa uku da za ka yi a kan kowaɗanne kalifofi biyu, biyu a kan gogewa za su tafi. Ka sa takunkumi da tabarau. Kada ka hura ƙurar birki da baki ko da injin iska. Baƙar ƙurar nan ba ta da kyau ga huhu, kuma wasu fad masu araha ko tsofaffi suna iya ƙunsar asbestos, wani ma'adini da shaƙarsa ke cutarwa. Ka fara fesa ruwan wanke birki na gwangwani ya sauko da ita, sannan ka bi da burushin waya har tsatsar da ke ɓarewa ta ƙare, ka bi da sanfefa, ka sake wankewa. Ka goga farin tsumma: in ya fito da baƙi, ba ka gama ba. Bayan wankin ƙarshe kada ka sake taɓa wurin da hannu, maiƙon yatsa kaɗai yana hana fenti kamawa.

Na san al'adar garejinmu ita ce a wanke komai da fetur ko kananzir. A nan kada ka yi. Robobin birki an yi su ne don su zauna da man birki, man fetur kuwa kumbura su yake ya sassauta su. Kananzir kuma yana barin maiƙo.

Sai rufewa. Da salatif na takarda da tsofaffin jaridu ka rufe faifai gaba ɗaya, da tiyo, da fuskar fistin da robarsa, da robobin sandunan zamewa, da ɗan notin fitar da iska, da wayar ABS (na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi), da kuma wuraren da kunnuwan fad ke zama suna motsi. Fuskar da rim ke kwanciya a kai ita ma kada fenti ya hau ta, domin fenti a tsakanin ƙarfe biyu yana iya sa noti ya sassauta daga baya. An taɓa kawo mini wata mota da taya ɗaya ke zafi har tana wari. Mai ita ya fesa fenti ko'ina, ya bushe a mazaunin fad, fad ya kasa komawa baya, yana ta gogar faifai har ya cinye cikin ƙanƙanin lokaci. Kuɗin gyaran ya ninka na fentin sau da yawa, kuma Allah ne ya tsare bai hau babbar hanya da ita a haka ba. In feshi za ka yi, ka lulluɓe jikin motar da tsohon zane, domin ɓurɓushin fenti yana tafiya nesa fiye da yadda ido ke gani.

Ka girgiza gwangwani sosai, ka riƙe shi kamar taƙi ɗaya daga ƙarfen. Shafi na farko ya zama siriri har kana hango ƙarfe ta ƙarƙashi. Kada ka damu, haka ake so. Ka jira kamar minti 10, ko abin da gwangwanin ya ce, ka ƙara na biyu, sannan na uku. Mai son ya gama a shafi ɗaya shi ne fenti ke zuba masa kamar hawaye. Lokaci ma yana da tasiri: iskar hunturu za ta yayyafa maka ƙura a kan ɗanyen fenti, ranar da hadari ya haɗu kuma laima tana dusashe shi. Ka zaɓi safiya mai kwanciyar iska, a inuwa, wurin da iska ke shiga, nesa da murhu da janareta, domin feshin yana kama wuta. Ka cire salatif a hankali kafin fentin ya gama ƙanƙamewa, sannan ka bar shi awa 24.

Game da launi, ja yana da kyau, amma ka sani ƙurar fad da ta hanya sun fi nunawa a kansa, zai riƙa neman wanki. Kalifar Accord ƙarama ce ta zubin ƙarfe, ni a ganina baƙi ko ruwan azurfa sun fi yi mata kyau, sai dai mota taka ce. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne murfin roba mai tambarin manyan kamfanoni da ake liƙa wa kalifa da gam. Yana tare iska, yana kuma iya ɓallewa ya shige tsakanin rim da birki.

Wajen mayarwa, ka duba fad ya shiga mazauninsa yana motsi ba tare da tilas ba, ka ɗaure notukan kalifa yadda littafin motar ya ce. Notukan taya ka bi su a gicciye, ba ɗaya bayan ɗaya a jere ba; ƙarfin ɗaurin na motarka 108 Nm ne a sifana mai awo. Kafin ka sa giya, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri a ƙafarka, domin takun farko yana iya nutsewa har ƙasa. Ka leƙa tankin man birki. Sannan ka gwada a layinku a hankali, ka tsaya sau uku ko huɗu, ka sauka ka kai bayan hannu kusa da kowane rim ba tare da ka taɓa ba. In ɗaya ya fi sauran zafi, ko motar tana ja gefe, ko birkin ya yi laushi, kada ka hau titi, ka kira bakanike ya zo inda take. In komai daidai ne, ka bar fentin mako guda ba tare da an wanke shi da ruwa mai ƙarfi ko sabulun rim ba, ka kuma sake duba notukan taya bayan tafiyar kilomita 50.