Amsa ga mai tambaya kan aiki a kamfanin ba da shawara kan kauce wa asara

Ɗan'uwa, ka ce wani babban kamfani ya yi maka tayin aiki, amma kana jin ana cewa ba a hutawa a irin wuraren nan. Akwai gaskiya a ciki, sai dai wahalar tana da lokacinta.

A ɓangaren dillancin inshora, inda kamfanoni irin su Marsh da Aon da WTW suka yi fice, yarjejeniyoyi masu yawa ana sabunta su ne ranar 1 ga Janairu, don haka ƙarshen shekara ake shan matsi. Abin da ya fi gajiyar da ni a inda na yi aiki shi ne takardar lissafin awanni. Kowace awa sai ka rubuta abokin cinikin da za a caja, kuma da ita ake auna ka lokacin ƙarin girma. Wanda ya tsaya koya wa sabon ma'aikaci aiki, sau da yawa ba a lissafa masa wannan lokacin, wallahi abin yana ci mini rai.

Haɗewar kamfanoni ma tana tayar da hankali. Aon da WTW sun sanar da shirin haɗewa a 2020, aka fasa a Yulin 2021, ma'aikata suka shafe fiye da shekara ba su san makomarsu ba.

Ni dai ina ganin ka karɓa, domin ana koyon aiki sosai. Amma kafin ka sa hannu, nemi ganin wanda zai zama shugabanka kai tsaye. Tambaye shi mutum nawa suka bar sashensa bana, ko suna biyan kuɗin jarrabawar FRM (ta samun shaidar ƙwarewa kan kauce wa asarar kuɗi), da yadda ake ba da damar zuwa sallar Juma'a.