Dala ɗaya a jiki, tsada a kasuwa

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa Silver Eagle, tsabar kuɗin azurfa ta Amurka, take da tsada alhali dala ɗaya aka rubuta a jikinta. Manta da rubutun nan, azurfar kake saya. Tun 1986 ake buga ta, giram 31.1 ce, azurfa kashi 99.9 cikin ɗari. Duba farashin azurfa na ranar, ka ɗora ladan bugawa da ribar dillali. Wannan ƙarin shi ke cin sabon shiga, don ran sayarwa ba lallai ya dawo ba. Kafin ka biya, auna ta a sikeli, ka kara mata maganaɗisu: in ta manne, jabu ce. Kuma kar ka goge ta don ƙyalli, zane za ka yi mata.